Farin Farcen Ƙafa: Dalilansa da Abin da Yake Nunawa



Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. A wurin likitoci kuwa, wani lokaci labarin hanta da ƙoda a farce ake tambayarsa. Saboda haka idan farcen ƙafa ya yi fari, abin da ya kamata a fara sani shi ne inda farin yake: a cikin farcen ne, ko a bisansa, ko kuwa a naman da ke ƙarƙashinsa.

Na farko shi ne wanda yake cikin farcen kansa. Yawancinsa daga rauni ne, watau tuntuɓe, ko wasan ƙwallo, ko matsattsen takalmi wanda yake danne tushen farce. Sai ɗigon fari ya fito, ya riƙa tafiya gaba yayin da farcen yake tsiro. Farcen ƙafa ba shi da sauri, tsironsa bai kai milimita 2 a wata ba, don haka yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin ya sabunta. Wannan ba ya bukatar magani, kuma ba rashin kalshiyam ne yake kawo shi ba, kamar yadda jama'a suke zato. Amma fa idan layin fari ya gitta farce da yawa a lokaci guda, to, akwai tsoron guba irin ta asenik, kamar yadda Mees, wani likitan Holan, ya bayyana a 1919.

Na biyu shi ne na bisan farce, wanda ƙwayar cuta dangin mai haddasa makero take kawowa. Farcen yakan yi gari-gari kamar an shafa masa alli, in an kankare sai farin ya fita. Wannan ƙwaya ba abin da take so kamar ɗumi da laima. Ma'aikacin da ya yi alwala, ya mayar da safa da takalmi sau-ciki bai tsane ƙafa ba, ya shirya mata masauki. Haka kuma ɗaliban da suke tarayya a makewayi guda, da masu miƙa ƙafa ga mai yankan farce wanda bai tsabtace almakashinsa ba. Idan cutar ta yi zurfi, likita yakan ba da ƙwayar tabinafin har mako 12, bayan ya tabbatar da lafiyar hanta. In kuwa farin daga tushen farce ya faro, ana duba ƙarfin garkuwar jiki, domin an fi ganin irinsa ga masu cutar ƙanjamau.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne na ƙarƙashin farce. Wannan ba ya tafiya da tsiro, sa'an nan yakan shafi hannu da ƙafa gaba ɗaya. A 1954 Richard Terry na Ingila ya lura cewa masu ciwon hanta mai tsanani farcensu yakan yi fari, sai ɗan ja a baki. A 1956 Muehrcke ya danganta tagwayen layukan fari da ƙarancin sinadarin albumin a jini. A 1967 kuma Lindsay ya bayyana farcen da rabinsa fari, rabinsa ja ko ruwan ƙasa, ga masu ciwon ƙoda.

Daga nan za a gane cewa farce guda mai ɗigo ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ya ga farin ya game dukan yatsu, balle in akwai kumburin ƙafa ko shawara, asibiti ya kamace shi ba da jinkiri ba. Mai ciwon sukari kuwa kada ya raina ko ƙanƙani, gama daga ruɓaɓɓen farce gyambo yakan fara, gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. Mata su sani cewa lalle yana rufe launi, ba ya kashe cuta. Tsane ƙafa bayan alwala, da sauya safa kullum, da mallakar abin yankan farce na kai, sun fi wata uku na shan magani sauƙi.

Allah ya ba da lafiya, amin.