Zaɓen Kaki Ga Masu Sana'ar Kakin Ƙamshi: Jawabi A Taron Reshe



An nemi mu yi magana a kan ɗaya daga cikin ƙananan sana'o'in da malamai ke tallafa wa albashi da su, wato kakin ƙamshi. Waɗannan ƙananan dunƙulen kaki ne da aka gauraya da man turare, ba su da lagwani irin na kyandir. Ana ɗora ɗaya a kan kaskon lantarki, ko kaskon tangaran mai ƙaramin kyandir a ƙarƙashinsa, sai ya narke ya baza ƙamshi ba hayaƙi, ba gawayi. Masu ciwon ƙirji da ba sa jure hayaƙin turaren wuta suna nemansa, shi ya sa wasu daga cikinmu suke zuba kuɗin adashinsu a ciki. Kuɗin adashin malamin firamare kuwa mun san da wahalar da ake tara shi.

Abin da ke cinye jarin mutane shi ne kwaikwayon abin da suka gani a intanet. Masu koyarwar can galibi a Amurka da Ingila suke, kuma kakin waken soya suke yabo. Ba mu musun kyansa: yana riƙe turare, yana sakinsa a hankali. Sai dai iri biyu ne. Wanda aka yi domin kyandir na cikin kofin gilashi laushi gare shi, yana manne wa mazubi, kuma yana narkewa a wajen digiri 50. A watan Afrilu zafin Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40 a inuwa, balle a shago mai rufin kwano ko cikin mota da aka rufe a rana. Tun kafin kaki ya kai matakin narkewa yake fara yin laushi yana tsattsafo da mai, kamar gumi. Kayan da aka ƙulla da safe sai su isa hannun mai saye da la'asar sun zama cuku guda. Wanda ya dage a kan waken soya, to ya nemi mai taurin da aka yi domin kyandir mai tsayawa da kansa, ya kuma haƙura mako ɗaya zuwa biyu bayan zubi kafin ya sayar, domin sai ya kwanta ƙamshinsa ke fitowa.

A ganinmu, farafin ya fi dacewa da mai farawa a wannan yanki. Daga ɗanyen man fetur ake samunsa, ya fi araha, yana ɗan tsukewa idan ya huce har ya fito daga mazubi cikin sauƙi, kuma kwana biyu ya ishe shi. Ku duba lambar da ke jikin buhu. Idan an rubuta 58/60, ma'anarta yana narkewa tsakanin digiri 58 da 60, wannan kuwa zai jure bazararmu. Ku sansana kafin ku biya. Wanda ba a tace sosai ba yana da ɗan warin kananzir, kuma babu turaren da zai iya danne shi.

Kakin zuma namu ne na gida, masu zuma ma sukan zubar da saƙar bayan sun matse. Yana narkewa a digiri 62 zuwa 64, ya fi sauran tauri. Amma shi kaɗai yana da rowar sakin ƙamshi, ga nasa ƙamshin na zuma da ke gogayya da turaren da aka zuba. Amfaninsa a gauraye ne: kashi ɗaya nasa, kashi tara na waken soya, bayan an narkar da shi an tace da ƙyalle mai tsabta.

Game da turare, sikeli za a yi amfani da shi, ba ido ba. Giram 6 zuwa 10 na man turare a kan giram 100 na kaki. Abin da ya wuce haka kaki ba zai shanye ba, asara ce kawai. Turaren fesawa da humra ba sa haɗuwa da kaki saboda sinadarin barasa ko ruwan da ke cikinsu, sai turare na mai zalla. Kada a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta; a sa ƙaramar tukunya cikin babba mai ruwa. In ya kama da wuta a rufe da murfi, kada a watsa ruwa. Mu da ke da yara a gida da aji, wannan ba abin sakaci ba ne.

Kafin kowa ya sayi buhu, ya sayi rabin kilo na iri biyu ko uku, ya zuba kowanne daban. Ya ɗora su a kan farar takarda a ɗaki mafi zafi a gidansa, daga azahar zuwa la'asar, kwana uku a jere. Wanda ya bar tabon mai a takarda ko ya lotsa da matsin yatsa, a ajiye shi sai lokacin hunturu.