Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Jawabin da aka gabatar a taron hutu na ɗalibai 'yan asalin ƙasar Illela



Tun muna aji ɗaya aka koya mana cewa ruwa ba shi da launi, ba shi da ƙamshi, ba shi kuma da ɗanɗano. Malamanmu ba su yi ƙarya ba, amma wannan siffar tataccen ruwa ce. Ruwan da ke kwance bisa doron ƙasa kan ɗauki launin abin da ke cikinsa, kuma wanda ya iya karanta launin ya san lafiyar ruwan ko ciwonsa. Abin da nake so mu duba ke nan a yau.

Mu fara da abin da muka sani. Duk wanda ya ratsa layin 'yan gishiri a kasuwar Illela ko ta Birnin Ƙonni ya ga kantu da balma da jar kanwa, wani fari, wani ruwan toka, wani ja. Daga arewa aka daɗe ana kawo su. A Tegidda-n-Tesemt, kusa da Ingal cikin ƙasar Agadas, mutane kan kwaɓa ƙasa mai gishiri da ruwan zartsi, su tace, su zuba cikin ɗaruruwan ƙananan ramuka, su bar wa rana sauran aikin. Wanda ya hango wurin daga sama sai ya tuna da marinar Ƙofar Mata, don wani rami ja ne, wani rawaya, wani ruwan ƙasa, gwargwadon yumɓun da ke ciki da yadda ruwan ya ƙafe. Haka kuma ramukan Kalala na Bilma, inda ayarin raƙuman Buzaye kan yi lodin kantu.

Amma wani launin rai ne ke haifar da shi. A ƙasar Senegal, kimanin kilomita 35 arewa maso gabas da Dakar, akwai tafkin Retba, wanda ruwansa kan zama ruwan hoda, musamman da rani. Lita ɗaya ta ruwan teku na ɗauke da gishiri giram 35, shi kuwa wannan tafki a wasu sassansa ya ninka haka kusan sau goma. Kifi ba ya jure irin wannan ruwa. Akwai dai wata ƙwayar gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiranta Dunaliella salina, wadda nan ne gidanta. Idan rana ta ƙwalle, gishiri ya yi yawa, sai ta tara wani sinadari ja a jikinta don ta kare kanta, irin wanda ya ba karas da manja launinsu. Miliyoyinta ne ke rina tafkin. Maza kan shafe jiki da man kaɗe don kada gishiri ya ci fatarsu, su shiga ruwa har ƙirji suna fasa gishirin ƙasan tafki da sanda, su loda a kwalekwale, mata su kwashe zuwa tudu.

A daminar 2022 aka yi ambaliya a unguwannin bayan Dakar, ruwan ya kwararo cikin tafkin ya tsinka gishirinsa. Ja ya ɓace, ruwa ya koma kore-kore, masu haƙar gishiri da masu sayar wa baƙi kaya suka shiga wani hali. Sai a 2025 launin ya fara dawowa. Ashe launin nan da baƙi ke zuwa kallo, shi ne shaidar cewa abincin dubban mutane yana nan lafiya.

Wani launin kuwa gargaɗi ne. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na ƙasar Kamaru ya amayar da iska mai shaƙe numfashi, wadda ta daɗe tana taruwa a ƙasansa. Mutum fiye da 1,700 suka rasu tare da dubban dabbobi. Da gari ya waye, tafkin da aka sani shuɗi ya koma jajawur, domin ruwan ƙasa mai ƙarfe ya taso sama ya yi tsatsa. Daga 2001 aka fara kafa bututu ana fitar da iskar sannu a hankali.

To jama'a, mu dawo gida. Mu ma muna da tafkinmu, watau Kalmalo, inda ruwan Maggiya kan ƙare bayan ya ratso Adar. Iyayenmu sun ci kifinsa, sun noma gefensa, sun shayar da shanu a bakinsa. Fari ya auka wa ƙasashen nan a 1973 da 1984, an kuma gina madatsun Mozage da Zango a kan Maggiya don noman rani na Ƙonni. A 1990 Nijeriya da Nijar suka rattaba hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Maggiya. Amma takarda ba ta auna ruwa, sai mutum ya je ya auna.

Wannan aiki namu ne. Mai karatun kimiyya ya ɗebi ruwan tafki da na rijiyoyin kewaye, kaka da bazara, ya gwada gishirinsa, ya rubuta launinsa. Mai karatun tarihi ya zauna da dattawan masunta tun suna raye, ya rubuta inda bakin ruwa yake a zamaninsu. Ku kuma ma'aikata, idan talaka ya zo ofis ya ce rijiyarsu ta sauya launi ko ta yi zartsi, kada a sallame shi da "za a duba". A tashi a je a gani, don mai shan ruwan kullum shi kan fara lura.

Mutanen Retba sun ga abin da damina ɗaya ta yi musu. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.