Abin Da Wuta Ke Yi Wa Yumɓu

Jama'a, maginan tukwane na Sabon Wuse da kewayen Suleja sun daɗe da sanin cewa tukunyar da ba ta sha wuta sosai ba, ba ta ƙarko. Ga dalili.

Yumɓu tarin ɓarɓashi ne wanda ido ba ya iya rarrabewa, kuma bayan kowane ɓarɓashi akwai 'yan tuddai da kwaruruka. Idan zafi ya tsananta, sai ƙwayoyin zarra da ke bisa tuddan su motsa, su gangara, tuddan su shafe. Suna taruwa inda ɓarɓashi biyu suka haɗu, su manne su. Ƙarfin tukunya ke nan.

A makarantar tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, a da akan gasa kaya da zafin da ya wuce digiri 1,200. Gashin fili ba ya kai haka, saboda haka kada a yi rowar itace. A bar tukunya ta bushe sarai, a fara da wuta kaɗan-kaɗan, domin ragowar ruwa yakan zama tururi ya fasa ta.