Masaukin baƙo a Sigishwara, ƙasar Rumaniya

Jawabin da wani ɗan ƙungiya ya yi gaban taro

 

Kun san al'adarmu: wanda ya tafi Kumasi ko Abijan, zango yake nema, mai masauki ya karɓe shi. A ƙananan garuruwan Rumaniya, can gabashin Turai, baƙo ba ya samun haka. Otel ce mai masaukinsa, kuma da kuɗinsa. Shi ya sa na ga ya kamata in yi muku bayanin gari guda, wato Sigishwara, don wanda tafiya za ta kai shi can ko wani gari irinsa.

Garin bai kai mutum dubu 30 ba. Daga Bukares, babban birnin ƙasar, wajen kilomita 300 ne, kuma jirgin ƙasa shina zuwa ta hanyar Barashob. Jamusawa masu sana'ar hannu suka kafa shi tun ƙarni na 12. A 1999 UNESCO ta sa tsohon birninsa cikin kayan tarihi na duniya.

Shawarata guda ce: ku sauka tsakiyar gari. Ɗaki a bayan gari ya fi araha, gaskiya ne, amma araha ba ta ado. Abin da ka rage na ɗaki, takisi zai cinye shi. A tsakiya kuwa banki, gidan magani, kanti da gidan abinci duk da ƙafa ake zuwa, har gar ta jirgi ba ta da nisa. Baƙo ko da ido makaho ne. Gara ya kwana inda akwai fitila da mutanen da zai tambaya.

Amma ku lura, tsakiyar nan biyu ce. Akwai tsohon birni bisa tudu, cikin ganuwa, inda hasumiyar agogo take, mai tsawon mita 64. Wurin shina da kyau, sai dai hanyoyinsa na dutse ne, mota ba ta shiga yadda ta so, kuma da bazara 'yan yawon buɗe ido suna cika shi. Akwai kuma garin ƙasa, gindin tudun. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko mai kaya da nauyi, ya zaɓi na ƙasa. Da sanyi ƙanƙara tana sa dutsen santsi.

In ka isa otel, faspor za a fara tambayarka, a rubuta sunanka. Tun 2025 Rumaniya ta shiga yankin Shengen gaba ɗaya, saboda haka kada kowa ya tashi ba biza. Kuɗinsu sunansa lei, ba yuro ba ne. A 2025 yuro guda wajen lei 5 ne, wato lei guda ya kai sefa 130 ko kusa. Kafin ka karɓi makulli, tambaya ko kuɗin ɗaki ya haɗa da karin kumallo, kuma ka amshi rasit.

Maganar abinci, iyayena, a yi hattara. Naman alade ya yi yawa cikin girkinsu, har a naɗin ganyen kabeji da suke kira sarmale. Ka ce "fără porc", ma'ana ban da alade. Suna da mamaliga, tuwon masara ne sak, ana ci da cuku. Masallatansu galibi suna gabas, wajen Konstansa, bakin teku. Ka tafi da tabarmar sallarka, ka nemi alƙibla cikin ɗaki.

Wanda zai kira gida ya tuna agogonsu shina gabanmu da awa 1 lokacin sanyi, awa 2 lokacin bazara. In wata matsala ta taso, lambar gaggawa 112 ce.

Iyakar abin da na tanada ke nan. Mai tambaya ya same ni bayan taro. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya. Wassalamu alaikum.