Kafin Ka Sayar da Babur Don Biza, Saurara



Na ji daɗi da aka haɗa wannan zama a Gaweye. Ga otal ɗin Gaweye, ga gidan tarihi na Boubou Hama, ga gadar Kennedy da muka sha tsallakawa zuwa jami'a. Nan baƙi suka saba sauka in sun zo kallon raƙuman dawa na Kure, ko za su wuce Agadas. Kuma a nan Yamai, cikin watan Yuli 2019, shugabannin Afirka suka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta ZLECAf. An ce kaya su wuce ba shinge. To mutum fa?

Bara wani ɗan unguwarmu, tare muka yi lakkal, ya sayar da baburinsa, tsohuwarsa ta cika masa da kuɗin adashinta, suka ba wani ɗan kamasho miliyan ɗaya da rabi na sefa wai bizar aiki a wata ƙasar Larabawa. Sai da ya sauka ya gane bizar ziyara ce ta wata ɗaya. Wata ya ƙare, ya shiga ɓuya, aka kama shi, aka maido shi. Yau ba babur, ba aiki, tsohuwa na biyan zubi. Wallahi ba wawa ba ne. Babu dai wanda ya taɓa zaunar da shi ya faɗa masa biza iri-iri ce.

To bari mu faɗa. Bizar yawon buɗe ido ta kallo ce, ba ta ba ka izinin aiki. Ta Turai da ake kira Schengen kwana 90 ce cikin kwana 180. Tun watan Yuni 2024 kuɗinta Yuro 90 ne, wajen jika 59 ke nan, kuma in an hana ka ba a maido maka ko dala. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun Janairu 2024, don haka duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, tambaye shi ta wace ƙofa yake shiga. Bizar Umra ta ibada ce. Wanda ya maƙale bayan ta ƙare ya zama abin farauta, kuma kowa a nan ya san wata uwa ko ƴar uwa da aka kwaso daga Jidda da kayan jikinta kawai. Bizar karatu daga takardar karɓa ta makaranta take farawa. Bizar aiki kuwa daga kwantaragi take farawa, da sunan mai ɗaukarka da albashinka a rubuce, cikin harshen da kake iya karantawa. In babu wannan a hannunka, kar ka ba da kuɗi, kar ka ba da fasfo.

Amma ƴan uwa, mu faɗa wa juna gaskiya. Yawancin mutanenmu ba Turai suka nufa ba. Ci-rani suke zuwa Kano, Legas, Kwatano, Lome, Akara, Abijan, kamar yadda kakanninmu suka yi. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ce ta ba su damar shiga ba biza har kwana 90. Ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar, Mali da Burkina suka fita daga ƙungiyar. CEDEAO ta ce za ta ci gaba da karɓar takardunmu har sai ta sake shawara, AES ma ta ce ƙofarta a buɗe take ga ƴan CEDEAO. Madalla. Sai dai kun ji kalmar: har sai an sake shawara. Abincin dubban gidaje yana rataye a kan sanarwa. Mun ga abin da ya faru da aka rufe gadar Gaya a 2023. Tafiya ba ta tsaya ba, kwale-kwale aka koma, talaka ya ƙara biya.

In ƙofa ta rufe, mutum hamada yake bi. A watan Oktoba 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance. A Nuwamba 2023 an soke dokar 2015-36 da ta hana jigilar baƙin haure, amma soke ta bai ba kowa takardar zama a Aljeriya ko Libiya ba. Har yanzu ana zube mutane a bakin iyaka, su taka kilomita 15 a ƙasa zuwa Asamaka.

Akwai abin da ya kamata ku riƙe. A 2018 Tarayyar Afirka ta amince da yarjejeniyar zirga-zirgar jama'a ba biza. Ana buƙatar ƙasashe 15 su tabbatar da ita kafin ta fara aiki. Huɗu suka yi: Mali, Ruwanda, Sao Tome da Nijar. Ke nan ƙasarmu ta riga ta sa hannu, muna da bakin magana. Ruwanda, Gambiya da Seychelles sun cire wa ɗan Afirka biza, kuma ba su rushe ba.

Saboda haka muna kira ga magabatanmu da abu uku. A cimma rubutacciyar yarjejeniya tsakanin AES da CEDEAO kan zirga-zirgar jama'a. A fitar da sunayen kamfanonin da ke da izinin kai mutane aiki waje, a karanta a rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. A hukunta ƴan kamashon da ke cin kuɗin mutane.

Mu ma da namu aikin. Duk wanda ya yi karatu a cikinmu, in ɗan uwa ya kawo maka takardar tafiya, zauna ka karanta masa ita layi-layi kafin ya biya. Ni ban yi wa abokina haka ba, kuma har yau abin yana ci na.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.