Taba Da Ƙarancin Jini: Jawabi Ga Jama'ar Dutsin-Ma Da Kurfi

Yau maganarmu a kan wata cuta ce da taba ke kawowa, da dalilin da ya sa jinin mai ita yakan yi ƙaranci.

Kowa ya san taba tana lalata huhu. Amma ba kowa ya san tana toshe hanyoyin jini ba. Akwai wata cuta da ake kira cutar Buerger. Sunan wani likita ne, Leo Buerger, wanda ya yi bayaninta a Amurka a shekarar 1908. Ta fi kama maza masu shan taba waɗanda ba su kai shekara 45 ba.

Ga yadda take. Ƙananan jijiyoyin jini na ƙafa da hannu sai su kumbura daga ciki. Jini ya daskare, hanya ta toshe. Ku dubi mai lambu a bakin madatsar ruwa ta Zobe. In hanyar ruwa ta toshe, fangalin ƙarshe shi ke fara bushewa. Yatsun ƙafa su ne fangalin ƙarshe. Da farko ƙafa takan yi ciwo in ana tafiya, in an huta ya lafa. Daga baya yatsu su yi sanyi. Sai gyambo ya fito ya ƙi warkewa. In aka yi sakaci, yatsa ya ruɓe har a yanke shi.

To, ina maganar ƙarancin jini? Ba cutar ce ke shanye jini kai tsaye ba. Akwai dalilai huɗu da ke biyo ta.

Na ɗaya, gyambo mai daɗewa. Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini. In ciwo da kumburi suka daɗe, sai jiki ya ɓoye wannan sinadari, ya hana a yi aiki da shi. Kamar rumbu ne cike da gero, amma an kulle shi, gida na fama da yunwa.

Na biyu, ƙwayoyin kashe ciwo. Mai wannan cuta ba ya barci saboda zogi. Sai ya riƙa sayen asfirin ko ibuprofen ko diclofenac a kasuwa yana sha kullum. Waɗannan suna iya ƙuje ciki, jini ya riƙa zuba kaɗan-kaɗan ba a sani ba. Alamarsa ita ce bayan gida baƙi kamar kwalta.

Na uku, rashin abinci mai gina jini. Taba tana rage sha'awar abinci, tana kuma cinye kuɗin cefane. Shan shayi mai kauri tare da abinci shi ma yana hana jiki karɓar sinadarin ƙarfe.

Na huɗu, cututtukan da muka saba da su. Akwai zazzaɓin cizon sauro. Akwai tsutsar ciki mai shiga ta ƙafar wanda ba ya sa takalmi. Akwai tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a tafki ko madatsar ruwa.

Jama'a, ku lura da haɗarin. Hanya ta ƙuntata, jinin da ke bi ta cikinta kuma ba shi da ƙarfi. Ta yaya gyambo zai warke?

Wani abin kuma, hayaƙin taba yana sa awon jini ya nuna sama da gaskiya. Saboda haka kada ka ɓoye wa likita cewa kana shan taba.

Me za a yi? Babban magani shi ne barin taba gaba ɗaya. Ragewa ba ta isa ba. Kara ɗaya ko biyu a rana ya isa ya ci gaba da toshe hanya. Taba gari da shisha duk jirgi ɗaya ne. Wanda ya bari kafin yatsa ya ruɓe, mafi yawan lokaci yakan tsira da ƙafarsa.

In kana yawan gajiya da haki da jiri, ko cikin idonka ya yi fari, je Babban Asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi. A auna jini da fitsari da bayan gida, a gano dalili. A duba ciwon suga, domin shi ma yana kawo gyambo. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

Kada a yi wa irin wannan ƙafa tsaga ko ƙaho. Kada a gasa ta a bakin wuta lokacin hunturu. A riƙa cin wake da zogale da alayyahu da kifi, da hanta in an samu. A haɗa da lemo ko gwaba ko tumatir.

Iyaye, ku sani dokar taba ta Nijeriya ta shekarar 2015 ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba taba. Kada mu aiki 'ya'yanmu sayo ta.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu lafiya. Wassalamu alaikum.