Rigar Raga da Lafiyar Doki a Damina

 

An nemi in yi magana a kan rigar raga, rigar nan marar nauyi da ake lulluɓa wa doki don kada ƙwari su cije shi. Na san akwai wanda zai ce abin bai kai a tara jama'a a kansa ba. Ni a ganina ya kai. Mun iya yi wa doki ado, duniya ma ta shaida, tunda a Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na 'yan Adam. To amma dokin nan da aka kashe wa dukiya a sirdi da jalala da linzami, shi za ka tarar bayan sallah a turke da magariba, yana buga ƙafa, yana kaɗa wutsiya, yana goga geza a bango har fata ta saluɓe. Kwanakin hawa kaɗan ne a shekara, damina kuwa wata huɗu ce ko biyar.

Abin da nake so mu tashi da shi daga zauren nan guda ne: kada a sayi riga sai an san ƙwaron da ake faɗa da shi, an kuma san zafin garin da dokin yake. Yawancin rigunan da ke shigowa an ɗinka su ne don dawakin Ingila da Jamus, da ƙwarinsu da sanyinsu. Tsadar riga ba ta nuna cewa ta dace da dokin da ke ɗaure a Haɗeja ko Maraɗi.

Mu fara da mafi ƙanƙanta, wanda kuma shi ne ya fi kisa. Ƙyashi, wanda masana ke kira Culicoides, tsawonsa milimita 1 zuwa 3 ne, yana ratsa gidan sauro na yau da kullum ya wuce. Yana hayayyafa a danshin ƙasa, musamman taɓon da ya haɗu da kashin dabbobi, yana fita cizo da faɗuwar rana da kuma asuba. Shi ke ɗauke da ƙwayar cutar dawaki ta Afirka, wadda ke cika huhun doki da ruwa har kumfa ta fito ta hanci, ko ta kumbura masa kai da ramukan saman ido. Ƙwayar iri 9 ce, kuma a dawakin da ba su taɓa haɗuwa da ita ba tana iya kashe 9 cikin 10. Ba ta da magani, sai allurar rigakafi. Jaki da jakin dawa sukan ɗauke ta ba tare da ta kayar da su ba. Ta haka ta shiga Sifen a 1987, a jikin jakunan dawa da aka kai daga Namibiya, ba a rabu da ita ba sai bayan 1990. A 2020 ta ɓulla a Tailan ta kashe dawaki sama da 500, har sai da aka riƙa kewaye barguna da raga mai ƙananan idanu. Masu kawo dawakin folo daga Ajantina zuwa Kaduna da Kano da Katsina, wannan magana ta fi shafar ku, domin baƙon doki shi ya fi saurin faɗuwa.

Ƙyashi yana da wata ɓarnar da ba ta kisa amma tana wahalarwa. Akwai dawakin da jikinsu ba ya jure yawunsa, sai ƙaiƙayi ya kama gindin geza da gindin wutsiya da tsakiyar ciki. Turawa sun daɗe da sanin wannan a dawakin Aisilan: idan aka fitar da su daga tsibirinsu zuwa inda ƙyashi yake, da yawansu sukan kamu. Saboda irin waɗannan dawakin aka fito da riga ta musamman, kamar ta kamfanin Boett na Suwidin, mai yadi matsattsen saƙa da ke ɗan miƙewa, ta rufe wuya tun daga bayan kunne, ta zagaye ciki, ta sauka a kan wutsiya. Duk wanda dokinsa ke gurje geza kowace damina, irin wannan yake bukata, kuma a sa masa tun kafin ruwan farko. Raga mai manyan idanu ba za ta tsinana masa komai ba.

Bobuwa dabam take. Babba ce, da rana tsaka take cizo, tana tsaga fata ta sha jini, ta tashi ta faɗa wa wata dabbar da sauran jini a bakinta. Da haka take yaɗa wani nau'in sammore tsakanin raƙuma da dawaki, ko a wuraren da babu tsando. A kanta raga mai ɗan tauri ta fi, wadda ba ta manne wa fata, domin idan yadi ya kwanta lif a jiki bakinta na iya ratsawa. Akwai kuma ƙudan barga mai kama da ƙudan gida, wanda ke haihuwa a jiƙaƙƙiyar shara da ta gauraya da fitsari, shi kuma ƙafafu da ciki yake nema. Rigar da ta rufe gadon baya kawai ta bar masa wurin cin abincinsa a buɗe.

Batun launi shi ne inda na fi ganin ana kuskure, domin mu ido ke zaɓa mana. Yaran barga sun san cewa akawal ya fi kili shan cizo, kuma binciken Gábor Horváth da abokansa a Hangari ya bayyana dalili: yadda baƙar fata mai sheƙi ke mayar da haske yana jawo bobuwa, farar fata kuwa ba ta jan ta haka. A wani bincike da aka wallafa a 2019, Tim Caro da Martin How sun gwada riguna uku a wata gonar dawaki a Samaset ta Ingila, baƙa da fara da mai ratsi irin na jakin dawa. Bobuwa ta riƙa tunkarar dawakin duka, amma idan ta zo kan mai ratsi sai ta kasa rage gudu, ta bugi rigar ko ta wuce. Kan dokin da aka bari a buɗe kuwa, ta sauka a kansa kamar kullum. A shekarar da ta biyo baya suka wallafa cewa zane mai gida-gida baƙi da fari ma yana aiki. Wannan a kan bobuwa aka tabbatar, kada wani ya ɗauka ratsi zai kori ƙyashi.

Mu kuma muna da ƙarin dalili wanda Bature mai ɗinka rigar bai damu da shi ba. Tsando yana son shuɗi da baƙi, shi ya sa tarkon da ake kafa masa da yadi shuɗi da baƙi ake yin sa. Ma'aikatan cibiyar binciken sammore ta Kaduna da ke tare da mu shaida ne. Tsandon nan shi ya hana dawaki zama a kurmi tun zamanin da, har sarakunan Oyo suka dogara da sayen dawaki daga arewa. Wanda zai kai dokinsa kudancin Kaduna ko bakin Binuwai ya sa masa shuɗiyar riga, ya rataya masa tarko a baya. Ku ɗauki fara, ko ruwan toka mai haske, ko mai ratsi.

Farar riga kuma ta fi sauƙin zafi, zafi kuwa ba abin wasa ba ne. Doki da gumi yake sanyaya jikinsa, kuma a watan Afrilu Kano da Sakkwato sukan kai digiri 40. Duk yadin da ya hana ƙyashi shiga ya rage iska. Shawarata ita ce a raba aikin: matsattsiyar riga daga la'asar sakaliya zuwa hantsi, da rana kuma raga mai shan iska ko inuwa kawai. Ku riƙa sa hannu ƙarƙashin rigar. In kun ji jiƙe sharkaf, ko dokin yana haki alhali ba a hau shi ba, a cire. Da hunturu a ninke ta a ajiye.

Awo da igiya ko tef ake yi, daga tsakiyar ƙirji, a bi ta gefen jiki, zuwa ƙarshen ɗuwawu. Rigunan Ingila da ƙafa da inci ake auna su, tazarar inci 3 tsakanin lamba da lamba. Wasu na Turai kuma tsawon gadon baya suke aunawa da santimita, don haka ku tambayi mai sayarwa wane awo ne a jikin takardar. Dokinmu siriri ne, ƙirjinsa bai kai na dawakin Turai faɗi ba, sai rigar ta zame baya ta riƙa cin kafaɗa. A nemi mai shafi mai santsi a kafaɗa da kan geza. Maɗaurin ciki da na cinya a bar musu faɗin tafin hannu, ba fiye ba, domin dokinmu a turke yake kwana da dabaibayi, kuma kofato na iya shiga sakakken maɗauri in ya kwanta. Ku kuma tuna da ƙarangiya, wadda ke maƙale wa raga ta koma tana soke dokin da aka so a kare. Kullum a cire rigar, a kakkaɓe, a duba fata. Kada doki biyu su yi tarayya a riga ɗaya, cututtukan fata ta nan suke bi. Fuska kuma tana da nata abin rufi na raga, wanda dole ya tsaya nesa da ido.

Akwai rigunan da aka jiƙa da maganin ƙwari na fametirin. Suna taimakawa, amma wanki yana rage ƙarfinsu. Abin da nake roƙo da babbar murya shi ne kada a ɗauko maganin kaskar shanu a zuba wa doki ko rigarsa ba tare da an tambayi likita ba. Amitiraz, wanda makiyaya ke amfani da shi, yana tsayar da hanjin doki, yana iya kashe shi.

Riga ba ta maye gurbin allura, ba ta kuma maye gurbin tsintsiya. A kwashe kashi kullum, a gyara wurin shan ruwa kada taɓo ya kwanta, a shigar da doki kafin magariba. Ƙyashi ba ya iya tashi cikin iska, fanka ɗaya a barga tana aiki sosai. Hayaƙin da iyayenmu ke turawa da yamma yana kora, sai dai kada a cika shi a rufaffen ɗaki, huhun doki ba ya so.

Magana ta ƙarshe ga maɗinkanmu take. Mutanen da suka ɗinka lifidi suka lulluɓe doki daga wuya har gwiwa ba za su kasa ɗinka rigar raga ba. Yadin yana samuwa, awon dokinmu kuwa babu wanda ya fi su saninsa. Ina roƙon likitocin dabbobi da su zauna da masu ɗinkin kayan doki, a fitar da samfuri biyu, na dare da na rana, a gwada su a bargar da ta yarda cikin damina mai zuwa, a rubuta abin da aka gani. Ku kuma masu dawaki, kafin ruwan farko ya sauka, kowa ya auna dokinsa, ya je wurin likita a yi maganar allura.